RA'AYINMU: Waƙa ta dawo Tamanrasset, saura ciniki

Masu bin hanyar Tamanrasset zuwa In Guezzam da Assamaka ba sa buƙatar a gabatar musu da Tinariwen. Shekara da shekaru ke nan jitar waɗannan Abzinawa take tashi a cikin manyan motocin dabino da na taliya, da rumfunan masu shayi, da gidajen biki, ko mutum yana jin Tamashek ko ba ya ji. Abin da ya sa muka ɗauko zancensu a wannan fili, inda aka fi sabawa da maganar kwastan da farashin kaya, shi ne kundin waƙoƙinsu na goma mai suna Hoggar, wanda aka tsayar wa ranar fitowa 13 ga Maris, 2026. A cikin garin Tamanrasset aka ɗauki wannan kundi, a wani ɗakin ɗaukar waƙa da samarin garin suka gina da kansu. A ganin wannan jarida, maganar ta shafi kasuwa kai tsaye, kuma akwai abin da ya rataya a wuyan masu karatunmu a cikinta.

Ga wanda bai san asalin labarin ba, a Tamanrasset aka haifi wannan ƙungiya. Jagoranta, Ibrahim Ag Alhabib, ɗan yankin Tessalit ne a arewacin Mali, kuma yana ƙaramin yaro sojojin gwamnati suka kashe mahaifinsa a lokacin tawayen 1963. Ya taso a gudun hijira a kudancin Aljeriya, inda a wajajen 1979 ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da wasu 'yan'uwa biyu, Inteyeden da Liya Ag Ablil, wanda aka fi sani da Diara. Samari ne marasa aikin yi, irin waɗanda fari da rikici suka koro daga daji, suna 'yan buga-buga da rana, da dare kuma su yi wasa a gidajen biki. Daga nan suka wuce Libiya a shekarun 1980, suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi, wasunsu kuma suka shiga tawayen da ya ɓarke a Mali a 1990. A wannan gari dai na Tamanrasset aka sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ranar 6 ga Janairu, 1991, kuma bayan ta ne suka ajiye bindiga suka rungumi jita gaba ɗaya.

Tun daga lokacin, kusan kowane kundi nasu a wani wuri daban aka ɗauke shi. Na farkon da ya kai su Turai, wanda ya fito a 2001, a gidan rediyon Tisdas na Kidal aka yi shi, inda wutar lantarki ba ta wuce 'yan sa'o'i da dare. Aman Iman na 2007 a Bamako. Imidiwan na 2009 a Tessalit. Tassili na 2011, wanda ya ciyo musu lambar Grammy a Amurka a 2012, a cikin duwatsun yankin Djanet aka kafa tanti aka ɗauke shi, da na'urorin da aka ɗauko daga waje. Da masu tsattsauran ra'ayi suka mamaye arewacin Mali suka haramta kiɗa a 2012, har aka kama ɗaya daga cikin makaɗan, Abdallah Ag Lamida, a farkon 2013 kafin daga baya a sake shi, sai gida ya gagara. Emmaar na 2014 a hamadar Kalifoniya aka yi shi. Elwan na 2017 an rarraba aikinsa tsakanin Faransa da Amurka da kudancin Maroko. Amadjar na 2019 kuwa, mota suka mayar situdiyo suka bi gaɓar teku har kusa da Nouakchott a Muritaniya, suka kafa tanti.

Duk ɗan kasuwar da ya duba wannan jeri zai gane abin da yake gani, domin ya san shi a fata da ƙirgi, ya san shi a riɗi da ƙaro. Kaya ne ake fitarwa ɗanye, a gyara shi a wani wuri, a sa masa kwali da farashi a can, riba mai tsoka kuma ta tsaya inda aka yi gyaran. Muryar ta Sahara ce, amma kuɗin hayar situdiyo da ladan injiniya da na masu buga faifai da masu rarraba shi, duk a wasu garuruwan ake kashe su. Yankin nan ya daɗe da sanin baƙin da ke zuwa don biyan buƙatarsu su tafi. Direbobin da ke hawa arewa zuwa In Salah suna wuce In Ekker, kimanin kilomita 150 daga Tamanrasset, suna ganin wayar da aka kewaye dutsen Tan Afella da ita, inda Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya sau 13 a ƙarƙashin ƙasa tsakanin 1961 da 1966, har na ranar 1 ga Mayu, 1962 ya fasa dutsen ya watsa ƙura mai guba. Ba mu haɗa makaɗan Turai da Amurka da suka yi aiki da Tinariwen da waccan ta'asa ba, da yawansu abokan arziki ne. Muna dai cewa abin farin ciki ne a ce sunan Hoggar zai zagaya duniya a jikin wani abu da mutanen Hoggar suka ƙera a gida.

Waɗanda suka kawo wannan canji su ne samarin ƙungiyar Imarhan, 'yan asalin Tamanrasset, ƙarƙashin Iyad Moussa Ben Abderahmane, wanda kowa ya sani da Sadam. Sun fitar da kundinsu na farko a 2016, na biyu mai suna Temet a 2018, duka a hannun kamfanin City Slang na Jamus, kuma sun ɗanɗana wahalar ɗaukar waƙa a ƙasar wasu. Da suka samu 'yan kuɗi daga yawon wasanni, ba su tsaya a sayen motoci ba, sai suka gina situdiyo irin na ƙwararru, wanda garin bai taɓa samun kamarsa ba. Suka sa masa suna Aboogi, wato irin bukkokin da kakanninsu makiyaya suka fara kafawa lokacin da suka soma zama wuri ɗaya. A cikinsa suka ɗauki kundinsu na uku, wanda ya fito a Janairun 2022 da sunan ɗakin, kuma a ciki akwai muryar Mohamed Ag Itlale, wato Japonais, tsohon mawaƙin Tinariwen da ya rasu a 2021. Da babu ɗaki a garin, da wuya a ce an sake samun wannan murya a faifai kafin mai ita ya tafi.

Amfanin ɗakin ya sake fitowa fili a lokacin annobar korona. Tinariwen sun shirya tafiya Nashville a Amurka don ɗaukar kundi a situdiyon Jack White, cutar ta hana. Daga ƙarshe sai suka koma Djanet, aka ari na'urori daga wurin Imarhan aka kai musu, suka yi aikinsu a tanti, furodusa Daniel Lanois kuma ya ƙara nasa daga Amurka. Haka aka samu Amatssou na 2023. To, a Hoggar dattawan da kansu suka zo suka zauna a ɗakin yaran. Faɗan da ya sake tashi a yankin Kidal, musamman tun da sojojin Mali suka karɓe garin a Nuwamban 2023, ya koro iyalai da dama zuwa wannan gefe na iyaka, saboda haka dawowar tasu akwai tilas a cikinta. Amma ta haifar da abin da ba a zata ba: Diara, wanda ya daɗe da komawa ƙungiyar Terakaft, ya dawo ya riƙe jita tare da tsofaffin abokansa, samarin Imarhan suna zaune a gefensu. Baƙin da aka gayyata, irin su José González na Suwidin da Sulafa Elyas 'yar Sudan, su ne suka sa murya a kan aikin da aka dafa a nan.

Kada a ɗauka rashin situdiyo ƙaramin abu ne. Badi Lalla, wadda aka haifa a In Guezzam a 1937, ta shafe rayuwarta tana waƙar tinde a bukukuwa, ita ce uwar da samarin Tinariwen suka tarar a Tamanrasset, amma ba ta ga kundi mai ɗauke da sunanta ba sai a 2017, tana da shekara 80. Tsakanin Tamanrasset da birnin Aljiyas akwai kusan kilomita 2,000. Tsohuwa nawa da ke da waƙoƙi a ka za ta iya wannan tafiya? Saurayi nawa mai ɗinki ko gyaran mota zai rufe shago ya je? Ɗaki a cikin gari yana nufin mutum ya gama aikinsa da la'asar, ya shiga ya ɗauki waƙa, ya kwana a gidansu.

Sai dai kuma ɗaki ciki gare shi. Yana cin kuɗin wuta, yana cin kuɗin gyara, domin ƙurar Sahara ba ta raga wa na'ura. Makirufo da igiyoyin jita da kwamfuta duk daga waje ake shigo da su da kuɗin ƙasashen waje, kuma injiniyan da ke kwana yana daidaita sauti shi ma yana da iyali. Bayan an ɗauki waƙa akwai aikin haɗa muryoyi da kayan kiɗa, akwai tacewar ƙarshe, akwai hoton bango. Kafin kundi ɗaya ya fito an yi watanni ana kashe kuɗi ba a karɓi ko sisi ba. Wanda ya taɓa zuba jari a kan lodin dabino, ya biya mota, ya biya kwastan, ya jira wata biyu kafin kuɗinsa su juyo, ya san irin wannan zaman jira. Bambancin kawai shi ne, shi buhun dabino ba a kwafarsa.

A nan ne maganar ta iso kanmu. Gaskiya ce da ba mai musunta cewa 'yan kasuwa da direbobi ne suka yi wa Tinariwen suna kafin Turawa su san da su. A shekarun 1980 makaɗan sun sha ɗaukar waƙa kyauta ga duk wanda ya kawo musu kaset ɗin da babu komai a ciki, kaset ɗin kuma ya bi ayari da manyan motoci, ana kwafa daga rikoda zuwa rikoda, daga Sabha zuwa Kidal, daga Tamanrasset zuwa Arlit da Agadas, a lokacin da kama mutum da shi a Mali zai iya jawo masa ɗauri. Wancan kwafi taimako ne, domin masu waƙar saƙo suke son ya isa, ba su nemi a biya su ba. Daga baya kaset ya mutu, faifan CD ya zo ya wuce, aka koma katin memori da tura waƙa daga waya zuwa waya. A kusan kowace kasuwar kan iyaka akwai saurayi mai tebur da kwamfuta wanda zai cika maka kati da ɗaruruwan waƙoƙi a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Da yawa daga cikin waɗannan samari yaranmu ne, kuma da jarin manyan 'yan kasuwa aka sayi kwamfutar da katunan.

Ba za mu ce wannan hanya ba ta taɓa yi wa mawaƙi rana ba. Mdou Moctar, Ba'abzinen jihar Tawa, Sakkwato ya je a 2008 ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, a situdiyon Hausawa, da irin sautin waƙoƙin fim. Kundin bai shiga kanti ba, ta wayoyi ya bazu har arewacin Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a katin memori. Ya sa ta a wani faifai da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya bi sawun mai waƙar har ya same shi. A yau Mdou Moctar yana cikin makaɗan jita da aka fi sani a duniya. Labari ne mai daɗi, kuma masu turi suna son kafa hujja da irinsa. Amma a lura da inda kuɗin suka fito a ƙarshe: daga aljihun mutanen Amurka da Turai. Dubban mutanen da suka ji waƙar tsakanin Sakkwato da Kidal ba su kai wa mai ita komai ba. Kuma a bayan kowane Mdou ɗaya akwai mawaƙa bila adadin da waƙarsu ta cika wayoyi, ba wani Bature da ya zo nemansu, suka gaji suka koma acaba ko haƙar zinariya.

Shi ya sa damuwarmu ba ta tsaya a kan Tinariwen ba. Su dattawan suna da kamfani a Turai, suna da masu sayen tikiti a Paris da Landan da New York, kwafin da za a yi a Assamaka ba zai hana su cin tuwo ba. Wanda abin zai kayar shi ne yaron da zai shiga Aboogi bayansu, ko wani ƙaramin situdiyo a Agadas ko Tawa ko Maraɗi, wanda ba shi da kasuwar da ta wuce tamu. Idan ya ranci kuɗi ya ɗauki kundi, washegari ya tarar da shi a kowane tebur ana turawa ba da saninsa ba, ba zai iya biyan mai situdiyo ba, mai situdiyo kuma ba zai iya biyan wuta ba. A ƙarshe ɗakin zai dogara ga masu zuwa daga waje kaɗai, mu koma gidan jiya.

Wanda yake ganin muna zuzuta abin, ya tambayi 'yan'uwanmu na Kano. A farkon shekarun 2000 kasuwar Ƙofar Wambai da shagunan Bata cike suke da dillalan kaset ɗin finafinan Hausa da waƙoƙinsu, kaya na tafiya har Agadas da Tamanrasset, kuma wasu daga cikin masu karanta wannan shafi da wannan sana'a suka fara tara jari. Da turi a waya ya yi ƙarfi a tsakiyar shekarun 2010, sai kasuwar faifai ta durƙushe. Furodusoshi suka daina zuba kuɗi a manyan finafinai, masu sauran ƙarfi suka koma YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, mawaƙa da yawa kuma suka koma dogaro da bukukuwa da 'yan siyasa. Abin lura shi ne, dillalan ma ba su tsira ba. Shagunan kaset sun koma na kayan waya ko na atamfa, ribar da a da take tsayawa a hannun ɗan kasuwa yanzu kamfanonin intanet da na sadarwa ne suke kwashe ta. An yanka kazar, an kuma rasa ƙwan.

Adalci ne mu faɗi ɗaya gefen. Mai tebur a In Guezzam da zai so ya sayar da halastaccen kwafin Hoggar, ina zai samo shi? Faifan garmaho da na CD a Turai ake buga su, da farashin Turai, kuma mutanenmu sun daina ajiye na'urar da za ta kunna su. Manhajojin sauraron waƙa na intanet suna neman katin banki da layi mai ƙarfi, abubuwa biyu da direban da zai kwana uku tsakanin Arlit da iyaka ba shi da su. Ba a kawo wa mutum kaya ba, sannan a ce masa ɓarawo don ya samo ta wata hanya, wannan ma da sake. Laifin a nan na mawaƙan ne da kamfanoninsu, waɗanda suka tsara yadda za a sayar wa mutumin Berlin, suka mance da mutumin da ke shan shayi a ƙofar situdiyon. Idan har an dawo da ɗaukar waƙa gida, ya kamata a dawo da sayar da ita gida.

Kuma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurin Bahaushe, domin a Kano aka taɓa yin ta. A zamanin kaset ɗin bidiyo, furodusa ba ya buga dubban kaset da kansa. Yakan ba dillali uwar kaset ɗin, ya buga kwalaye masu hoton fim ɗin ya sayar masa. Dillali ya sayi kaset ɗinsa, ya kwafa da injinansa, ya sa a kwali ya sayar. Kuɗin furodusa a jikin kwali suke, duk kaset ɗin da aka gani tsirara ko cikin jabun kwali an san na sata ne, ƙungiyar dillalai kuma ita take hukunta ɗanta. Tsarin yana da ɓaraka, an sha rigima a kan kwalayen da ba a sayar ba da bashin da ba a biya ba, amma ya riƙe masana'anta guda na tsawon shekaru ba tare da ɗan sanda ya tsaya a kowane shago ba. Ba mu ga abin da zai hana a gwada irinsa a kan katin memori ba. Mawaƙi ya ba wakilinsa a kasuwa waƙoƙin da sauti mai kyau, ya buga ƙaramin kwali ko tambari mai lamba, mai turi ya saya a kan sari, ya ɗora ribarsa. Ko kuma teburan kasuwa guda su yi yarjejeniya da situdiyo a kan wani abu da za su riƙa biya duk wata. Kuɗin ba za su yi yawa ba a farko, kuma wasu za su ci gaba da tura wa abokansu kyauta, wannan ba mai iya hana shi. Amma tsakanin kaɗan da babu akwai tazara, kuma mai sayen da ya san kuɗinsa za su isa ga mai waƙar sau da yawa ba ya ƙin ƙara ɗan wani abu.

Ga masu tambayar ko doka ta san da wannan, ta sani a duk ƙasashen uku. Aljeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Yuli, 2003, da hukumar ONDA mai kula da ita, har ma dokar ta ɗora wani haraji a kan masu ƙerawa da masu shigo da na'urorin kwafi da abubuwan da ake kwafa a ciki, don a rage wa masu fasaha asara. Nijar tana da hukumar BNDA. Nijeriya ta sabunta tata dokar, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023. Muna kira ga waɗannan hukumomi da su tuna cewa aikinsu bai ƙare a manyan birane ba, kuma kama yaro mai tebur a ƙwace masa kwamfuta ba zai sa ko dala a aljihun mawaƙi ba. Abin da ake buƙata daga gare su shi ne su yi wa mawaƙan kudu rajista, su sauƙaƙa lasisin da ƙaramin ɗan kasuwa zai iya biya, su kuma bayyana wa jama'a nawa ne yake isa Tamanrasset daga cikin abin da ake tarawa. Mun san a cikin masu karatunmu akwai waɗanda ba sa sauraron kiɗa sam, kuma ba mu zo jayayya da su ba. Amma wanda ya zaɓi ya ci abinci da waƙar wani, maganar haƙƙi ta hau kansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a ci ta ba. Wannan ya shafi kaset ɗin wa'azi da littafi kamar yadda ya shafi waƙa.

Akwai kuma wata dama da muke ganin Hausawan Tamanrasset ba su duba ba. Mun daɗe a garin nan, har gasasshen naman da yake alfahari da shi sunan Hausa gare shi, kowa mainama yake ce masa, Balarabe da Ba'abzine. Muna da mawaƙa a cikinmu, masu waƙar biki da masu bege da samari masu waƙar zamani, waɗanda har yanzu sai sun gangara Agadas ko Kano kafin su ɗauki abin kirki. Idan Ba'abzine ya je Sakkwato a 2008 ya ɗauki waƙa a ɗakin Hausawa, mene ne zai hana Bahaushe ya ƙwanƙwasa ƙofar Abzinawa a Tamanrasset, da kuɗinsa a hannu? Attajiranmu da ke kashe dukiya wajen liƙi a daren biki guda, rabin wannan kuɗi zai biya wa yaro kwanakin situdiyo. Wanda ya fi haka ƙarfi kuma, ya duba abin da Imarhan suka yi, ya tambayi kansa ko Arlit da Ƙonni ba su isa a kafa musu irin wannan ɗaki ba. Jari ne kamar kowane jari, yana iya karyewa, amma injin niƙa ma yana karyewa kuma ba a daina saye ba.

Wurin da ya fi dacewa a fara wannan magana shi ne Assihar, bajekolin da ke tara 'yan kasuwar Aljeriya da na maƙwabta a Tamanrasset, inda ake musayar dabino da gishiri da barguna da dabbobi da lalle da kayan yaji. Muna ba shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu shawara su nemi zama da masu situdiyon Aboogi da wakilin ONDA na jiha kafin bajekoli na gaba, a ware rumfa guda ta mawaƙan yankin, a fito da kati mai tambari da farashin da direba zai iya biya, a kuma rubuta a takarda nawa ne na mai waƙa, nawa ne na mai ɗaki, nawa ne na mai tebur. Su kuwa masu teburin, kafin a kai ga wannan zama, abu ɗaya muke roƙonsu: duk waƙar da ta sulalo daga situdiyo kafin mai ita ya sake ta, kada a karɓa, kada a tura, ko da wanda ya kawo ta ɗan'uwa ne.